Matashin Direba da Hatsarin Mota Babu Inshora: Hukuncin Doka da Matakan da Ya Kamata a Bi

Yawancin matasan da suke tuƙi a biranen Najeriya ba su taɓa buɗe takardar inshorar motar da suke ja ba, domin galibi motar ta mahaifi ce ko ta yaya ko ta maigida, kuma takardun suna ninke a aljihun mota tun ranar da aka karɓo su. Sai ranar da aka yi karo, jami'i ya nemi takardu, sannan ake gane cewa inshorar ta ƙare watanni da suka wuce, ko kuwa ta jabu ce da wani ɗan kamasho ya buga a bakin ofishin lasisi. Wannan bayani an yi shi ne domin matashin da ya faɗa cikin irin wannan hali, da kuma iyayensa, waɗanda su ne a ƙarshe suke zaryar caji ofis da asibiti da kotu.

Abin da ya kamata ka fara fahimta shi ne cewa hatsari guda yana iya haifar maka da shari'a iri uku, kuma kowacce hanyarta daban. Akwai laifin hawa titi babu inshora, wanda ya tabbata a kanka ko da kai ne aka buge. Akwai laifin tuƙin kansa, idan bincike ya nuna ganganci ko sakaci. Sannan akwai haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna, wato gyaran abin hawansa, da kuɗin maganinsa, da diyyar rai idan an rasa rai. Matasa sun fi jin tsoron na farko saboda shi ne jami'i yake fara ambata a bakin titi, alhali na ukun ne yake cin gona da fili da jarin gida, kuma shi ne ainihin abin da inshora take ɗauke wa direba.

Abin da doka ta ce game da inshora

Tilascin yin inshorar kare haƙƙin wasu, wadda direbobi suka fi sani da tad-fati, ya samo asali ne daga dokar 1945, tun zamanin mulkin mallaka. Dokar Inshora ta 2003 ta ƙara jaddada shi a sashe na 68, inda ta hana kowa amfani da mota a kan titi, ko sa wani, ko ƙyale wani ya yi amfani da ita, matuƙar ba a yi mata wannan inshora ba, kuma ta yanka tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko a haɗa wa mutum duka biyun. A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin waɗannan tsofaffin dokoki, amma tilascin yana nan daram. Rundunar 'yan sanda kuma ta ayyana 1 ga Fabrairu, 2025 a matsayin ranar fara tsananta binciken wannan takarda a faɗin ƙasa.

A lura da kalmar ƙyalewa da ke cikin dokar. Mahaifin da ya miƙa wa ɗansa makullin motar da ba ta da inshora shi ma ya shiga cikin laifin, ko da yana gida a kwance lokacin da abin ya faru. Haka maigidan da ya aiki yaronsa da ita.

Kuɗin inshorar ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta su da abin da take tarewa. Tun daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Wannan iyaka ta shafi dukiya ce kawai, kamar mota ko shago ko katanga, domin rauni da rasa rai lissafinsu daban ne. Wanda ba shi da inshora, duk wannan nauyi daga aljihunsa zai fito.

A wurin da hatsarin ya auku

Ka tsaya. Gudu shi ne kuskure mafi muni da matashi yake yi, domin yana ƙara sabon laifi a kan tsohon, yana kuma sa alƙali da dangin wanda aka buge su ɗauke ka a matsayin wanda ya san bai da gaskiya. Lambar mota tana da rajista, kuma da wuya a yi karo a cikin gari yanzu ba tare da wani ya ɗaga waya ya ɗauki hoto ba. Hanzari guda ɗaya ne: idan jama'a suka taru da alamar za su ɗauki doka a hannunsu, wanda yakan faru musamman in yaro ko ɗan acaɓa aka buge, to ka tsira da ranka, amma ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa kai tsaye ka ba da rahoto, kada ka nufi gida. Wanda ya kai kansa caji ofis ba a kiransa wanda ya gudu.

Idan akwai wanda ya ji rauni, shi ne kan gaba da komai. Ka kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a lamba 122, ko lambar gaggawa ta ƙasa 112, ko a nemi abin hawa a kai shi asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa ga kowa, saboda haka kada a tsaya jiran takardar 'yan sanda ana kallon mutum yana zubar da jini. Duk abin da kuka biya a asibiti tun daga kati har zuwa allura, ku karɓi rasit ku adana, domin zai yi amfani a zaman sulhu, zai kuma yi amfani a gaban alƙali.

Kafin a matsar da motocin, ka ɗauki hotuna daga kowane ɓangare: yadda suka tsaya, da sawun birki a kan kwalta, da lambobinsu, da alamun hanya ko fitilar ba da hannu idan akwai. Ka karɓi sunaye da lambobin waya na mutum biyu ko uku da abin ya faru a kan idonsu. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga wanda ba shi da inshora, domin sau da yawa da zarar an gane takardunsa ba su cika ba, sai a ɗora masa laifin hatsarin baki ɗaya, alhali rashin inshora ba ya nuna wanda ya haddasa karo. Idan ɗaya direban ne ya shigo hannunka, to shi ne zai biya ɓarnar, kai kuma ka amsa laifin takarda kaɗai.

Ka yi wa wanda abin ya shafa sannu da jaje kamar yadda tarbiyya ta koyar, amma kada ruɗewa ta sa ka ce za ka ɗauki nauyin komai tun ba ka san girman abin ba. Alkawarin da aka yi a bakin titi a gaban shaidu yakan dawo ya zama hujja. Nan take ka kira babba daga gidanku da kuma mai motar.

A ofishin 'yan sanda

Hatsarin mota yana zuwa ne sashen kula da zirga-zirgar ababen hawa, wanda ake kira MTD. Jami'in bincike zai auna wurin ya zana taswirarsa, ya ɗauki bayanin kowa, a kai motocin ofis, a kuma gayyaci jami'in duba lafiyar ababen hawa, wato VIO, ya bincika birki da tayoyi da fitilu. Idan aka ce ka sa hannu a kan taswirar, ka dube ta da kyau tukuna, domin ita ce takardar da aka fi dogara da ita wajen tantance mai laifi. A Kano jami'an KAROTA, a Kaduna kuma na KASTLEA, wato hukumomin kula da zirga-zirgar ababen hawa na jihohin, sukan riga kowa isa wurin, amma binciken hatsarin da aka ji rauni ko aka rasa rai yana komawa hannun 'yan sanda ne.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauya ko wani da ka zaɓa, ya kuma ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019, ta ba ka damar ba da bayani a gaban lauyanka, ta tanadi tafinta ga wanda ba ya jin Turanci, ta kuma hana a kama wani a madadin wanda ake zargi. Saboda haka ba daidai ba ne a tsare mahaifinka ko ƙaninka domin a tilasta maka fitowa, sai dai in mahaifin ne mai motar kuma ana tuhumarsa da nasa laifin. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma mace ma tana iya tsaya wa mutum. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke jiharsa.

A bayaninka ka faɗi abin da ka gani da abin da ka yi, ba ƙari ba ragi, kuma kada ka yi ƙarya game da takardu. A nan ne jarabawa mafi girma take zuwa, domin ba a rasa wanda zai ja iyayenka gefe ya ce zai samo takardar inshora mai ɗauke da tsohon kwanan wata. Kada ku yarda. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, wanda jami'i zai iya dubawa da lambar mota a cikin minti guda, kuma ranar da aka shigar da inshora tana nan a rubuce. Wanda ya gabatar da takardar bogi ya tashi daga laifin da galibi tara ke kashe shi ya koma laifin jabu da zamba. Haka nan kada a ce wani ne yake tuƙin domin a ɓoye yaron da ba shi da lasisi. Shaidu sun ga fuskar direba, kuma ranar da ƙaryar ta tonu, mutum biyu ne za su tsaya a gaban alƙali maimakon ɗaya.

Tuhumar da za ta iya biyo baya

Idan ƙarfe ne kawai ya lalace, galibi abin yana ƙarewa ne a tara da biyan gyara. Idan kuwa an ga alamar gudun wuce sa'a, ko tsere, ko wasan mota irin na ranar biki, ko latsa waya, ko maye, to tuhuma ta canza. Dokar FRSC ta 2007 ta tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin da ya kai shekara biyu, ko duka, ga tuƙin ganganci, sannan ɗaurin da ya kai shekara bakwai ga wanda tuƙin gangancinsa ya yi sanadin mutuwa. Jihohi ma suna da nasu dokokin hanya da na laifuka da za a iya tuhumar mutum a ƙarƙashinsu, kuma kotu tana iya dakatar da lasisi.

Shekarun mallakar lasisin tuƙi a Najeriya 18 ne. Yaron da bai kai ba, shari'arsa tana bin tsarin shari'ar yara, amma hakan ba ya wanke babban da ya ba shi mota. Wani abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne cewa ko da motar tana da inshora mai kyau, sharuɗɗanta galibi sun ce dole direba ya kasance mai lasisi, don haka ba wa yaro marar lasisi makulli yana iya ba kamfani hujjar jayayya a kan biya.

Hukuncin kotu yana barin tabo a sunan mutum, kuma yakan taso daga baya lokacin neman aikin gwamnati ko na ɗamara, ko takardar shaidar hali daga 'yan sanda, ko bizar karatu. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa kada matashi ya amsa laifi a gaban majistare domin kawai a gama da wuri, ba tare da lauya ya fayyace masa abin da yake amsawa ba.

Biyan ɓarna da zaman sulhu

A nan ne ya kamata iyali su fi sa hankali. Wanda aka yi wa ɓarna yana da damar shigar da ƙara yana neman kuɗin gyara, da na magani, da asarar abin da yake samu a kwanakin da bai yi aiki ba, da diyyar naƙasa. Mai Adaidaita Sahu da aka lalata wa babur, alal misali, zai lissafa har da balas ɗin da yake kai wa mai babur kullum. Zai iya haɗa direba da mai mota a ƙara guda idan direban yaron aikinsa ne ko kuma aikensa ya je. Uba ba ya ɗaukar bashin ɗansa baligi saboda haihuwa kawai, sai in motarsa ce ko saƙonsa ne, ko kuma ya sa hannu cewa ya tsaya masa. Idan kotu ta yanke kuɗi aka kasa biya, ana iya kama kadara a yi gwanjonta, ko a riƙe abin da ke asusun banki, ko da yake kotu tana iya amincewa da biya kashi-kashi idan aka roƙa aka kuma nuna gaskiyar abin da ake samu. Kasancewar mutum ɗalibi marar ko sisi ba ya soke hukunci.

Idan an rasa rai kuma magana ta je kotun shari'ar Musulunci a jihohin da suke aiki da ita, ko kuwa iyalan biyu suka zaɓi a warware ta bisa tsarin addini, to hukuncin kisan kuskure ake dubawa. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga magada, sai dai in sun yafe, tare da kaffara, wadda a yau take komawa azumin wata biyu a jere. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, wato kimanin giram 4,250, abin da a farashin yanzu ya kai ɗaruruwan miliyoyin naira. A fiƙihu dangin mai laifi na wajen uba ne suke haɗa ta a cikin shekara uku, kuma raunuka suna da tasu diyyar gwargwadon gaɓar da ta taɓu. A aikace iyalai da dama sukan yafe gaba ɗaya ko su karɓi wani abu kaɗan, amma yafiya kyauta ce daga magada, ba haƙƙin direba ba ce, kuma rabon marayu ƙanana ba abu ne da wani zai yafe da baki a zaman makoki ba. Ku je gaisuwa da manya, ku je dubiya asibiti tun ranar farko, kada ku bari sai an aiko muku da sammaci. Iyalin da suka ga an damu da su sun fi sauƙin zama a teburin sulhu fiye da waɗanda aka bari da ɗawainiya su kaɗai.

Idan za a yi sulhu, a yi shi a rubuce. Game da gyaran mota, kowane ɓangare ya kawo bakanikensa su duba tare su fitar da ƙiyasi guda, kuma ya fi aminci ku sayi kayan gyaran ku biya mai aiki da kanku, ko kuwa a yanke adadi guda wanda daga shi babu ƙari. Takardar ta ƙunshi sunayen ɓangarorin, da ranar hatsarin da wurinsa, da lambobin motocin, da jimillar kuɗin, da ranakun biya idan kashi-kashi ne, da bayani ƙarara cewa wannan biya ya rufe duk wata da'awa da ta taso daga hatsarin. Shaidu daga kowane ɓangare su sa hannu, mai unguwa ko limami yana iya kasancewa cikinsu, kuma lauya ya duba ta kafin kowa ya rattaba hannu. Ku biya ta banki domin a sami shaida. Idan rauni ne, kada a rufe magana sai likita ya faɗi inda jinyar ta dosa, domin karayar da aka ɗauka ta wata guda ce tana iya komawa tiyata, kuma takardar da aka yi cikin gaggawa rigima take haifarwa. Jihohi da dama, ciki har da Kano, suna da kotun sulhu a ƙarƙashin babbar kotu, inda yarjejeniyar da alƙali ya amince da ita take samun ƙarfin hukunci.

Sai dai sulhu yana kashe haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna ne kawai. Laifin rashin inshora da na tuƙin ganganci tsakaninka da hukuma ne, kuma musamman idan an rasa rai, mai gabatar da ƙara ko babban lauyan gwamnatin jiha ne yake da ikon janye tuhuma. Abin da takardar sulhu da rasit ɗin asibiti suke yi shi ne su ba lauyanka abin da zai nuna wa kotu lokacin neman sassauci. Duk ranar da aka sa zaman kotu ka halarta, ko da an riga an sasanta a gida, domin rashin zuwa yana jawo a soke beli a kuma matsa wa wanda ya tsaya maka.

Kafin motar ta sake hawa titi

Motar da aka tsare ba ta fita sai an kammala bincike, kuma kada a tuƙa ta daga caji ofis sai an yi mata inshora ta gaskiya. Sabuwar inshorar ba za ta biya hatsarin da ya riga ya wuce ba, tana fara aiki ne daga ranar da aka yi ta. Ku saya kai tsaye daga kamfani mai lasisin NAICOM ko wakilinsa tabbatacce, kuma duk wanda ya ce zai yi wa motar gida tad-fati a ƙasa da naira 15,000, takarda kawai zai sayar muku. Wanda yake da damuwa ta addini game da inshorar da aka saba yana iya zuwa kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful, waɗanda takardarsu take cika sharaɗin doka kamar kowace. Bayan an biya, ku shigar da lambar motar a shafin askniid.org ko ku danna *565*11# a waya, ku tabbatar sunan kamfanin da ranar ƙarewa sun fito daidai da abin da ke kan takardar, sannan ku rubuta wannan rana a inda mai motar da duk wanda yake aron ta za su riƙa gani.